Darasi: Ƙarfin Teku da Kyawunsa a Aikin Masu Zane

Zanen teku reshe ne na fasahar zane-zane wanda ruwan teku shi ne jigonsa. A cikinsa akan ga raƙuman ruwa, da hadari, da jirage, da gaɓa, da masunta da matuƙa, amma duk waɗannan rakiya suka yi wa ruwan. Teku ya rufe kusan kashi 71 cikin 100 na doron ƙasa, sai dai mutane da yawa sukan rayu su mutu ba su taɓa sa shi a ido ba. Kafin zuwan kyamara, wanda ke nesa da gaɓa ba shi da hanyar sanin kamanninsa sai ta bakin matafiya ko ta hannun mai zane. Gani ya kori ji, shi ya sa aikin masu zanen teku ya yi daraja a ƙasashen da arzikinsu da asararsu duk daga ruwa suke fitowa.

Abin da ke sa teku wuyar zanawa

Mai zana dutse ko gida zai iya zama ya dube shi tun safe har yamma. Teku kuwa ba ya tsayawa a zana shi. Kafin buroshi ya taɓa ƙyalle, raƙumin ruwan da aka gani ya riga ya fashe, wani ya maye gurbinsa. Don haka mai zanen teku dole ya san yadda ruwa ke aiki, sannan ya zana abin da ya sani tare da abin da ya tuna.

Abu na farko shi ne motsi. Iska ce ke tayar da raƙuman ruwa, kuma girmansu ya danganta da ƙarfinta, da daɗewarta tana kaɗawa, da nisan da ta yi a kan ruwa ba tare da shinge ba. A tsakiyar teku ba ruwan ne ke tafiya gaba ba, tashi yake yi ya kewaya ya dawo kusan inda yake, motsin ne kawai ke wucewa, kamar yadda iska ke ratsa gonar gero a ga karare suna sunkuyawa bi da bi alhali babu wanda ya bar shukarsa. Idan raƙumi ya matso gaɓa, ƙasa takan riƙe gindinsa, kansa kuma ya ci gaba da gudu, sai ya lanƙwaso ya faɗi ya zama kumfa. Wanda bai gane wannan ba zai zana tuddai ne masu launin ruwa, ba ruwa ba.

Abu na biyu shi ne launi. Ruwa a moɗa ba shi da launi. Idan ya yi zurfi yakan shanye jan da ke cikin hasken rana ya bar shuɗi, shi ya sa tsakiyar teku ke da duhun shuɗi. Kusa da gaɓa, yashi da ƙananan tsirran ruwa sukan mai da shi kore ko ruwan ƙasa. Fuskar ruwa kuma madubi ce, abin da sama ta sanya shi take sanyawa: toka-toka a ranar hadari, ja da ruwan ɗorawa da almuru. Wannan ne dalilin da ya sa masu koyarwa kan ce a fara gama sama kafin a taɓa ruwa.

Abu na uku shi ne ma'auni. Ruwa tsagwaronsa ba ya nuna girmansa. Sai an ajiye wani abu da ido ya san girmansa, kamar jirgi, ko mutum, ko tsuntsu, sannan mai kallo zai gane ko raƙumin ya kai tsayin gwiwa ne ko tsayin bene. Haka kuma akwai mahaɗar sama da ruwa, wato layin da ido ke ƙarewa, wanda ga mutumin da ke tsaye a bakin gaɓa nisansa kusan kilomita 5 ne. In mai zane ya saukar da layin ƙasa, sama ta mamaye zanen, a ji sarari da natsuwa. In ya ɗaga shi sama, ko ya karkatar da shi, ko ya ɓatar da shi cikin hazo, sai mai kallo ya ji kamar ruwa zai rufe shi.

Holan: inda reshen ya tsaya da ƙafarsa

Tun zamanin da ake zana jirage a jikin bango da tukwane, amma zanen teku bai zama sana'a mai zaman kanta ba sai a Holan cikin ƙarni na 17. Dalilin a fili yake. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar yana ƙasa da fuskar teku, da ganuwa ake tsare ruwa. Dukiyarta kuwa daga kamun kifi da fataucin ruwa take, musamman bayan kafa babban kamfaninsu na cinikin gabas a 1602. Attajirai da majalisun birane suna son ganin jiragensu rataye a bango, kuma suna da kuɗin biya.

Hendrick Vroom na birnin Haarlem, wanda ya rasu a 1640, shi ake ɗauka a matsayin wanda ya buɗe wannan fage. Zane-zanensa cike suke da jirage da tutoci masu launi, kowace igiya a wurinta, domin mai saye ɗan kasuwa ne ko matuƙi da zai gane kuskure nan take. Jan Porcellis ya zo ya juya lamarin: ya rage jirage, ya rage launuka zuwa toka-toka da ruwan ƙasa, ya bar iska da gajimare su yi magana. Daga nan yanayi ya fara zama abin zanawa a kan kansa.

Mafi shahara su ne uba da ɗa masu suna ɗaya, Willem van de Velde. Uban yakan shiga ƙaramin jirgi ya bi rundunar ruwa har fagen fama, yana zana abin da ke faruwa da alƙalami ana ɓarin wuta, kamar yadda ya yi a yaƙin kwana huɗu tsakanin Holan da Ingila a 1666. Ɗan kuma shi ya ƙware a fenti, ya iya kwantaccen ruwa mai ɗaukar inuwar jirgi, ya iya guguwa. Da Holan ta shiga tsananin yaƙi a 1672, sai suka ƙaura Ingila. Sarki Charles na Biyu ya yanka wa kowannensu fam 100 a shekara, aka ba su ɗakin aiki a Greenwich. Ta wannan hanya sana'ar ta tsallaka zuwa Ingila.

Ɗan Adam a hannun ruwa

Wajen ƙarshen ƙarni na 18 da farkon na 19, masu zane a Turai suka koma ga wani irin kyau mai haɗe da tsoro, irin wanda mutum ke ji in ya tsaya gaban abin da ya fi ƙarfinsa. Ba abin da ya dace da wannan kamar teku.

A watan Yuli 1816 wani jirgin Faransa mai suna Méduse ya kafe a rairayi daura da gaɓar Muritaniya, a kan hanyarsa ta zuwa Saint-Louis a Senigal. Ƙananan jiragen ceto ba su ishi kowa ba, sai aka ɗaɗɗaure katakai aka yi gado, aka ɗora mutum kusan 150, da alkawarin za a ja su zuwa gaɓa. Ba a yi nisa ba aka sake su. Bayan kwana 13 aka tsinci mutum 15 da rai. Théodore Géricault ya ɗauki wannan labari ya yi zane mai tsawon fiye da mita 7 da tsayin kusan mita 5, aka baje shi a 1819, yau yana gidan tarihi na Louvre a Faris. Kafin ya fara, ya zauna da waɗanda suka tsira, ya sa an ƙera masa ƙaramin samfurin gadon katakon, ya je bakin teku ya yi nazarin sama da ruwa. A cikin zanen gawawwaki suna kwance ta gaba, masu sauran ƙarfi suna tattaruwa sama-sama, a can ƙololuwa wani baƙar fata ya ba da baya yana kaɗa tsumma. Jirgin da yake kira ɗigo ne kawai a mahaɗar sama da ruwa, sai an ƙura ido ake ganinsa. Ta ɗaya gefen kuma wani ƙaton raƙumi ya taso, iska tana tura gadon wajensa. Tsakanin ɗigon nan da raƙumin nan aka rataye rayuwar mutanen.

A Ingila, J. M. W. Turner, wanda ya rayu daga 1775 zuwa 1851, ya kai zanen teku inda ba a taɓa kai shi ba. Zanensa na fentin mai na farko da aka baje a 1796 na masunta ne cikin dare da hasken wata. Da shekaru suka ja, sai ya riƙa narkar da siffofi har ruwa da hazo da haske suka zama abu guda. A 1840 ya fito da zanen jirgin bayi, wanda masana da yawa ke dangantawa da abin da ya faru a jirgin Zong a 1781, lokacin da aka jefa 'yan Afirka fiye da 130 cikin ruwa don masu jirgin su karɓi diyya daga kamfanin inshora. Daga nesa, abin da ido ke fara gani faɗuwar rana ce mai ban sha'awa, ja da ruwan zinariya. Sai an matso ake ganin hannuwa da sarƙoƙi suna nitsewa, kifaye sun taru. Turner ya yi amfani da kyawun launi ya jawo mai kallo, sannan ya nuna masa ta'asar. Zanen yana Boston a Amurka.

Bayan shekara biyu ya baje wani na jirgi mai tururi a cikin guguwar ƙanƙara. Babu mahaɗar sama da ruwa a cikinsa, komai juyawa yake kamar ana dama fura, jirgin a tsakiya. Masu sharhi na lokacin sun yi masa ba'a, wasu suka kwatanta shi da kumfar sabulu da farar ƙasa. Yau ana lissafa shi cikin manyan ayyukansa, domin abin da ya zana shi ne yadda guguwa take ga wanda ke cikinta.

Raƙumin Hokusai

Zanen tekun da ya fi kowanne yaɗuwa a duniya daga Jafan ya fito, kuma ba da fenti a ƙyalle aka yi shi ba. Katsushika Hokusai ya zana shi wajen 1831, yana ɗan shekara kusan 70, cikin jerin hotuna na Dutsen Fuji. Akan sassaƙa zanen a allunan katako, kowane launi da allonsa, a shafa tawada a danna takarda kamar yadda ake buga hatimi. Ta haka aka buga dubbai aka sayar da araha. Girman takardar wajen santimita 25 da 37 ne kawai. Shuɗin da ke ciki haɗi ne na wani sabon shuɗi da aka shigo da shi daga ƙetare da kuma shuni, irin wanda marina suka sani.

A hagu raƙumi ya miƙe ya lanƙwaso, kumfar bakinsa ta rarrabu kamar faratan shaho. Ƙarƙashinsa jirage uku ne dogaye, irin masu kai ɗanyen kifi kasuwa, matuƙansu sun duƙa sun manne. Masana da suka auna raƙumin da tsawon jiragen sun ƙiyasta tsayinsa da mita 10 zuwa 12. Can nesa, cikin kwarin da ruwan ya bari, ga Fuji, dutse mai tsayin mita 3,776, ya koma ɗan mitsitsi har a iya ɗaukarsa wani ƙaramin raƙumi. Dabarar ke nan: abin da ya fi komai girma da dawwama a ƙasar an ƙanƙantar da shi, abin da zai fashe cikin ƙiftawar ido an ba shi fili. Akwai kuma batun inda ido ke farawa. A al'adance mutanen Jafan daga dama suke fara karatu, kamar mai karanta ajami. Wanda ya shiga hoton ta dama, tare da jiragen yake tafiya, sai ya yi kiciɓis da bangon ruwa. Tun 2024 hoton yana bayan takardar kuɗin Jafan ta yen 1,000.

Aivazovsky da hasken cikin ruwa

Ivan Aivazovsky ɗan asalin Armeniya ne, an haife shi a 1817 a Feodosiya, wani gari na Kirimiya a bakin Baƙin Teku, a can kuma ya rasu a 1900. Ya bar zane kusan 6,000, mafi yawansu na teku. Rundunar ruwan Rasha ta naɗa shi mai zanenta, sarakunan Santambul sun ba shi aiki, ya kuma halarci buɗe mashigin Suwez a 1869. Ba ya zama gaban teku ya zana. Yakan kalla ya yi 'yan zayyane-zayyane, sannan ya koma ɗaki ya yi aikin da ka, saboda a ganinsa walƙiya da iska da fantsamar ruwa ba sa jiran buroshi.

Abin da ya bambanta shi shi ne yadda haske ke ratsa raƙumansa. In rana tana bayan raƙumi, kansa da ya yi siriri yakan yi haske kore kamar gilas, gindinsa ya zauna da duhu. Akan samu wannan ta hanyar shafa fenti siriri-siriri, shafi bisa shafi, yadda hasken farin da ke ƙasa zai riƙa ɓullowa, kumfar kuma a ɗora ta daga ƙarshe da fari mai kauri. Babban aikinsa shi ne "Raƙumi na Tara" na 1850, da ke Saint Petersburg. Sunan ya fito daga camfin matuƙa cewa raƙumi na tara shi ne mafi girma. 'Yan mutane sun kwana maƙale da karyayyen itacen jirgi, wani raƙumi na tahowa, amma gari ya waye, sama ta cika da ja da rawaya. Inda Géricault ya bar tsira ɗigo, Aivazovsky ya ba ta rabin zanen.

Masu fita bakin gaɓa

A 1841 aka ƙirƙiro fenti na matsawa cikin ƙaramin bututun dalma, irin na man goge baki. Wannan ya sauƙaƙa wa masu zane fita da kayansu waje. Gustave Courbet ya zauna a Étretat ta Faransa a 1869, ya yi ta zana raƙumi guda, ba labari ba jarumi, yana shafa fenti da wuƙa har ruwan ya yi nauyi kamar gini. Claude Monet shi haske ya dama, yakan zana wuri ɗaya sau da yawa don ya kama yadda launin ruwa ke sauyawa daga hantsi zuwa la'asar. A watan Nuwamba 1885, a wannan gaɓa ta Étretat, ya yi kuskuren lissafin lokacin cikar teku, raƙumi ya maka shi da dutse ya tafi da kayan aikinsa. Ruwa ba sa'an kwando ba ne.

A Amurka, Winslow Homer ya tare a gaɓar Maine a 1883, ya ƙare rayuwarsa yana zana karon ruwa da duwatsu. Zanensa na 1899, da ke New York, ya nuna wani baƙar fata shi kaɗai a jirgin da itacensa ya karye, kifaye masu cin mutum sun kewaye shi, guguwa na tahowa, shi kuwa ya kishingiɗa ya kau da kai, babu alamar firgita a tare da shi.

Yadda ake karanta zanen teku

Daga waɗannan misalai ana iya fitar da matakai huɗu. A fara neman mahaɗar sama da ruwa, a ga ko tana sama, ko ƙasa, ko ta ɓace. A nemi inda haske ke fitowa, domin shi ke ba ruwa launi. A duba inda iska ta nufa, ta hanyar gajimare da hayaƙi da ƙyallayen jirgi da kumfa. A zane mai kyau duk bakinsu ɗaya ne. Daga ƙarshe a nemi mutum, a auna shi da ruwan. Ƙarfin teku daga wannan awo yake fitowa, kyawunsa kuma daga haske. Gwanayen da aka ambata sun sha bamban a ƙasa da zamani da kayan aiki, amma kowannensu ya haɗa biyun a zane guda.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa uku ne ke sa teku wuyar zanawa?
2. Me ya sa zanen teku ya bunƙasa a Holan cikin ƙarni na 17?
3. Ta yaya Hokusai ya yi amfani da Dutsen Fuji wajen nuna girman raƙumi?
4. Mene ne bambancin hanyar aikin Aivazovsky da ta Monet?
5. Waɗanne zane-zane biyu ne a darasin ke da alaƙa da tarihin Afirka ta Yamma?

Aiki

A je bakin kogi, ko tafki, ko madatsar ruwa mafi kusa sau biyu a rana ɗaya, da safe da kuma yamma. A rubuta launin sama, da launin ruwa, da inda iska ta nufa a kowane zuwa. Sannan a dawo gida a zana abin da aka gani da ka, a sa kwale-kwale ko mutum ɗaya a ciki domin ma'auni.